Fukafukan Tulu

3 ga Oktoba

Zuwa ga 'Yar Lissafi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da kunnena da ya ƙara toshewa, shi ya sa na rubuto maimakon in buga waya. Shekara arba'in ina dukan ƙarfe, yanzu ƙarfe ya rama.

Na san sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ne Kawunki mai walda, ɗan ƙanen kakarki, wanda marigayiya mahaifiyarki ke kira Baƙin Hannu. Rabona da ke kina 'yar shekara tara, kin zauna a ƙofar shagona kina ƙirga notina kina ce mini uku sun ɓace. Tun ranar sunan nan ya bi ki. Yayarki ce ta ba ni adireshinki, ta ce yanzu ke injiniya ce a masana'antar gadajen asibiti, ke ce mai zana wurin da gado ke lanƙwashewa. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa sai da buƙata ta taso na tuna hanya. Ki yi haƙuri.

Shekara tara ke nan ina ƙera jirgin ƙarƙashin ruwa a shagona, da tsohon tankin gas. Kada ki wahalar da kanki da dariya, unguwa ta riga ki. Matata, wadda kowa ke kira Mai Fitila saboda ita ke haska mini in na shiga cikinsa, ta sa masa suna Tulu. Kujera biyu ce, taga ɗaya a gaba, batir shida, farfela a baya. Sau huɗu muna gwada shi a bakin dam, ko cokalin ruwa bai sha ba.

Tsohuwar unguwarmu tana ƙarƙashin dam ɗin nan shekara ashirin da shida. A can muka fara zama, ɗaki ɗaya a ƙarshen wani lungu, ginin bulo, da ƙofar ƙarfe da na ƙera da hannuna. Ranar da aka kwashe mu Mai Fitila tana kwance a asibiti, bayan ɓarin da daga shi ba mu sake samu ba. Ba ta yi wa ɗakin kallon ƙarshe ba. Na yi mata alkawarin zan kai ta.

Ga inda na maƙale. Tulu yana da ƙananan fukafukai biyu, dama da hagu. In aka karkata su ƙasa ya nutse, in aka ɗaga su ya taso. Faɗin lungun mita biyu ne daidai, na auna kafin ruwa ya zo, yana nan rubuce a murfin akwatin kayan aikina. Tulu mita ɗaya da rabi ne, da fukafukai ya kai mita biyu da rabi. Dole su naɗe a bakin lungu, su buɗe in mun fito da baya. Sau uku ina gwadawa, ko dai su ƙi naɗewa, ko su naɗe su ƙi dawowa.

Ruwan dam yana sauka ya yi garau daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Damina na faɗuwa sai ya koma laka. Ga awona a takarda ta biyu.

Kawunki mai walda

20 ga Oktoba

Kawu,

Na gaishe ka, na gaida Inna Mai Fitila. Lafiyata ƙalau, sai aiki da ya yi mini katutu. Na tuna ka sarai, kuma har yau ina nan a kan bakana, noti uku sun ɓace.

Gaskiya na yi dariya, amma da na duba awonka sai na daina. Ba aikin wasa ka yi ba. Duk da haka ruwa ba sa'an kwando ba ne, zurfin mita goma sha takwas kuma ba bakin dam ba ne, don haka zan faɗa maka abu biyu, ɗaya ba zan sassauta a kansa ba.

Na farko, ka sa sandar ƙarfe guda ta ratsa cikin Tulu daga wannan gefe zuwa wancan, da hannun juyi ɗaya irin na keken ɗinki. Ka juya, fukafukai biyu su naɗe tare. Dalili shi ne in ɗaya ya naɗe ɗaya yana buɗe, Tulu zai kife a gefe kamar kwano. Matsalar kawai, na auna na sake aunawa, babu inda sandar za ta bi sai ta wurin kujerar hagu. Sai an cire ta.

Na biyu, sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai komawa yadda yake in an sake shi. Kowane fiffike a sa masa sifirin mai ƙarfi, yadda da zarar an saki hannun juyi zai buɗe da kansa yana kallon sama. A wurin aikinmu ba ma tambayar yadda abu zai yi in komai lafiya. Muna tambayar ina zai faɗa in mai riƙe da shi ya suma. Wannan shi ne wanda ba ciniki.

Ka tafi kai kaɗai tukuna, ka ɗauko mata hoto. Gani ne dai.

'Yarka, 'Yar Lissafi

9 ga Nuwamba

'Yar Lissafi,

Muna gaisuwa. Ni lafiya. Mai Fitila ƙafafunta sun ɗan kumbura, tana kuma haki in ta hau matakalar Tulu, amma ta ce tsufa ne, in bar ta.

Na karanta mata wasiƙarki tana wanke gilashin taga. Da na zo wurin hoto sai ta ajiye tsumma ta ce, "Ka gaya wa yarinyar nan hoto ina da shi a kaina, har da tsagar da ke bango. Ni zuwa zan yi." Da na zo wurin cire kujera sai ta miƙe. Ta ɗauki sifana ta shiga ta ƙara ɗaure notin kujerar guda huɗu. Tun farko ma ita ta ɗaure su da kanta, wai ba ta yarda da ɗaurina ba.

To kin ji. Sifirin na karɓa, hannu bibbiyu. Sanda kuwa babu. Ki zana mana hannun juyi biyu, ɗaya a gefena, ɗaya a gefenta, kowa ya naɗe nasa. Kin ce in ba su tafi tare ba za mu kife. Yarinya, shekara talatin da huɗu muna ɗaukar ƙarfe tare, ni a wannan kai ita a wancan. Ba mu taɓa yar da ko ɗaya ba, sai sau ɗaya, shi ma laifina ne, kuma har yau ba ta bar ni na manta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bahaguwa ce, ki sa nata ya dace da hannun hagu.

Kawunki

1 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa. A kai Inna asibiti a duba ƙafafun nan. Kullum ina cikin zancen masu jinya, kumburi da haki tare ba abin bari ba ne.

Ga zane, hannu biyu kamar yadda kuka nace. Ban so ba, amma na ga alamar da ku biyun ba a ja. Kowane hannu juyi goma sha ɗaya ne daga buɗe zuwa naɗe. Ku riƙa ƙirgawa da ƙarfi, tare, kuma ita ta riƙa ƙirgawa, kai ka bi leɓenta tunda kunnen ya tafi hutu. In sun naɗe kowa ya riƙe nasa gam, kada a saki sai kun fito daga lungu. Da ɗaya hannun kai ka yi tuƙi, ita ta riƙe fitila.

Ramin da sandar kowane fiffike ke fita a sa roba biyu, ba ɗaya ba, da giris a tsakani. Na san masu walda, kada ka ce ɗaya ta isa.

'Yar Lissafi

14 ga Fabrairu

'Yar Lissafi,

Gaisuwa. Ki gafarce ni da shiru, aiki ne da zirga-zirgar asibiti. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da ƙwayoyi kala uku. Ta yi kwana biyar a can. Na sunkuya na duba gadon da aka kwantar da ita, na ga yadda hinjinsa, wurin lanƙwashewar, ke tafiya sumul, na ce mata ƙila aikin 'yarmu ne. Ta ce in haka ne a gaya miki wajen kai yana ƙara.

Fukafukai sun yi. Shekaranjiya muka gwada a cikin shago, Tulu yana kan tirela. Na ja layi biyu da alli a ƙasa, mita biyu tsakani, lungu ke nan. Ta shiga da ƙyar, na bi ta. Ta ƙirga, ina kallon bakinta. A goma sha ɗaya suka kwanta a jikin Tulu tare, kamar an haɗa baki. Muka saki, suka buɗe. Sau shida muka yi, har tela maƙwabcina ya bar kekensa ya zo kallo. Mariƙin ya ci mata tafin hannu, ta yago gefen tsohon zanenta ta naɗe shi.

Da muka gama ta daɗe a zaune tana kallon tagar, alhali babu komai a gaba sai ƙofar shago. Ta ce, "Saura wata biyu da rabi ko?" Na ce eh. Ta ce, "Da yawa."

Kawunki

29 ga Maris

'Yar Lissafi,

Ina fatan kina lafiya. Ni lafiya.

Ki aiko mini da zanen farko, mai sanda guda da hannu ɗaya. Ki cire sifirin. Ki hanzarta, ruwan dam ya fara sauka.

Kawunki

15 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, a gaida Inna. Na yi tafiyar aiki ta kwana goma, jiya na tarar da 'yar guntuwar wasiƙarka.

Ashe za a zo wurin. Tun Oktoba nake faɗa, aka ce mini shekara talatin da huɗu, aka ce mini jinka. Me ya faru, Inna ta gaji da ƙirga ne, ko ta gane cewa zama a kan tudu ya fi? Ka ce mata na yaba, a gidan nan dai akwai mai hankali ɗaya. Ta yi zamanta a inuwa ta jira ka, ai ba inda ɗakin zai je.

Zanen zan sake shi a tsanake, ka ba ni sati biyu. Sifirin kuwa, ka manta na ce ba ciniki?

'Yar Lissafi

18 ga Afrilu

Kawu,

Yau da rana Yaya ta bugo mini waya a wurin aiki, a cikin zance ta ce ko na yi maka gaisuwar Inna. Ta ɗauka na sani. Ta ce tun ashirin ga Maris.

Na je gidan waya ko zan tarar da wasiƙar da na aika, suka ce ta tafi tun shekaranjiya. Za ta riga wannan isowa, za ka buɗe ka karanta, ba ni da yadda zan yi. Magana zarar bunu ce. Kawu, ka yafe mini. Na karanta layi uku na ga nasarata kawai, ban tsaya na tambayi me ya sa ba a ce Inna na gaishe ni ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri. Ban taɓa zama da ita na minti goma ba tun ina yarinya, amma yau na kasa komawa kan tebur.

Na sake karanta wasiƙarka, yanzu da idon kirki, kuma tsoro ya kama ni. Hannu ɗaya na gane. Cire sifirin ne ban gane ba. Sifirin nan aikinsa ɗaya, ya dawo da mutum sama ko da shi bai iya ba. Mutumin da ya yi kwana tara da binne matarsa ya ce a cire masa shi, me kake so in ɗauka?

Ba zan aiko da zanen ba. Hutuna sai Agusta, na roƙa a matso da shi an ƙi. Ka bar bana ta wuce. Baɗi in zo da kaina in zauna a hagu, in ƙirga maka.

'Yarka

4 ga Mayu

'Yar Lissafi,

Wasiƙunki biyu sun iso, kwana uku tsakani. Lafiyata lau, ina ci, tela yana leƙo ni. Kada ki damu da ta farko. Da tana nan ita za ta fi kowa dariya, ta ce a gidan nan dai akwai mai hankali ɗaya, yanzu kuma babu. Ni ne ban faɗa ba. Na ɗauki biro sau uku in rubuta, hannuna ya ƙi.

Ga amsar tambayarki, ta masu aiki. In ni kaɗai ne, hannu ɗaya tuƙi, hannu ɗaya fitila. Da wanne zan riƙe hannun juyi kada sifirin ya buɗe mini fukafukai a tsakiyar lungu? Shi ya sa na ce a cire. Wannan ita ce amsar da na ba kaina. Ko akwai wata a ƙarƙashinta, ban tona ba, ke ma kada ki tona.

A asibiti, kwana biyu kafin ta tafi, ta ce in je in duba ko ƙofar tsohon ɗakinmu tana rufe. Ta ce ranar da aka kwashe mu ba ta nan, kuma ta san halina, ba na rufe ƙofa. Shekara ashirin da shida abin yana cin ta ba ta faɗa ba. Ni kuma wallahi na kasa tunawa.

Kin ce baɗi. Ina da shekara sittin da takwas, yana ta fara rufe mini idon dama. Kujerar nan kuma ba ta aro ba ce, ki yi haƙuri da wannan maganar.

Ruwa ya yi garau, jiya na je na gani. In zanenki bai zo ba kafin ƙarshen wata, zan shiga da abin da ke akwai. In naɗe na dama in ɗaure da waya, in miƙa in naɗe na hagu in ɗaure. Na san abin da kika ce game da kifewa. Ba barazana nake miki ba, ina gaya miki ne don kada ki sake ji a bakin wani.

Kawunki

19 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba ni da lafiyar kirki, amma ba ta jiki ba ce.

Kwana biyu zanen nan yana kan teburina a gama, ina kallonsa. In na riƙe, ka shiga da ɗaurin waya, kuma tsakanin naɗe na dama da na hagu akwai minti guda da Tulu zai kwanta a gefe a bakin bango. In na aiko, da hannuna na buɗe maka hanya. Ka sa ni a tsaka mai wuya, kuma ina jin haushinka, gara in faɗa.

Ga shi. Sanda guda, hannu ɗaya. Na ƙara sakata da ake takawa da ƙafa: muddin ƙafarka na kanta fukafukai suna naɗe, hannuwanka biyu naka ne. Ka ɗaga ƙafa, su buɗe. Sifirin yana nan, kuma na mai da shi cikin hinjin kansa, in ka cire shi fiffiken ba zai tsaya ba sam. Da gangan na yi. Ka kira ni duk sunan da ka ga dama.

Kujerar hagu sai ta fita, noti huɗu ne, ka fi ni sani. Ka sa tela ya tsaya a bakin ruwa da agogo. In ka fito ka rubuto mini a ranar, ko layi ɗaya ne.

'Yarka

22 ga Yuni

'Yar Lissafi,

Ina gaishe ki. Ina nan da rai, wannan shi ne layi ɗayan da kika nema. Na san na bar ki cikin zullumi, tela ya ce Yayarki ta bugo masa sau biyu. Ban san yadda zan rubuta abin ba ne.

Zanenki ya iso ranar biyu ga wata. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irinsa ba, har dabarar sifirin ɗin, na gane ta, na kuma gane abin da kike nufi. Kwana huɗu na yanka sanda, na yi sakatar ƙafa, na gwada a kan benci, komai ya zauna. Ya rage cire kujera.

Na shiga da sifana da safe. Na kwance noti na farko, na biyu, na uku, na jera su a kan kujerata. Na ɗora sifana a kan na huɗu. Ba tsatsa ya yi ba, kada ki zaci haka, ta sa masa giris, da yatsa biyu ma zai juya. Na zauna sifana na hannuna har tela ya rufe shago ya tafi cin abincin rana ya dawo. Washegari na sake shiga, haka. Rana ta uku na ɗauko wayar da na ce miki, na zauna a dama, na naɗe nawa ina ƙirgawa. Na kai bakwai na ga ashe kujerar hagu nake kallo ina jiran baki. Na saki, ya buɗe.

Haka na yi ta shiga ina fita. Ranar goma sha bakwai aka yi ruwan farko, mai yawa. Na je dam na tsaya, ruwan ya koma ja, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki. Bana ta wuce. Ban san ko ƙofar tana rufe ba, ita kuma ta tafi da tambayarta. Shekara tara na yi ina ƙera abin da zai kai ta, na ɓata lokaci a kan fenti da gyaran abin da bai lalace ba, ita tana haska mini ba ta ce in yi sauri ba. Wannan yana ci mini rai, kuma ba na jin zai daina.

Jiya na mayar da noti ukun. Na ɗaure su, amma ba kamar nata ba. Sandarki na shafa mata mai na rataye a bango.

Na ce miki kujerar ba ta aro ba ce. Har yanzu ba ta aro ba ce. Amma Tulu na mutum biyu ne, haka muka ƙera shi, na kuma gwada na ga ba zan iya mai da shi na mutum ɗaya ba. Likitan ido ya ce zai kankare mini yanar a watan Satumba. In Allah ya kai mu Mayu, kuma in maganarki tana nan, to.

Ƙyallen zanenta yana jikin mariƙin, ba zan cire ba, sai dai ki riƙe a haka. Abu ɗaya nake so in sani tun yanzu, don aikin yini biyu ne. Hannun juyi na hagu an yi shi ne don bahaguwa. Ranar da kika ƙirga notina ban lura ba. Da wane hannu kike aiki?

Kawunki mai walda